Kama da Wane Ba Ta Wane: Martani ga Mai Cewa Dekzametazon Ɗan Gida Ne a Jikin Mutum

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar kwanan baya, wadda a cikinta ya tsaya kai da fata yana wanke 'yan ƙwayoyin nan da mata suke sha domin su yi ƙiba, waɗanda ake kira sha-ka-fashe a bakin kasuwa, tare da mayukan da ake gauraya wa man shafawa domin fata ta yi haske. Da yake Malam mutum ne da ake sauraro, alƙalaminsa yana shiga ɗakunan da muryar likita ba ta kaiwa, maganar kuwa ta rayuka ce, sai na ga yin shiru a kanta cin amanar ilimi ne, mayar da martani kuma ya zama wajibi a kan duk wanda Allah ya sanar da shi wani abu game da mas'alar.

Adalci ne in fara da kawo hujjojinsa yadda ya kawo su. Ta farko, ya ce sinadarin da ke cikin waɗannan magunguna, watau dekzametazon da danginsa na sitiroyid, ɗan gida ne, domin jikin kowane ɗan Adam yana yin irinsa dare da rana, abin da Allah ya halitta a cikin jiki kuwa ba zai zama dafi ga jikin ba. Ta biyu, ya ce likitocin da ke tsoratar da mata su ne kuma suke ba da shi ga masu asma da masu ciwon gaɓɓai, da shi suka ceci rayuka a lokacin annobar korona, har masu juna biyu suna yi wa allurarsa. Ta uku, ya ce wadda ta ga bai karɓe ta ba sai ta daina, tun da babu wanda ya ɗaure ta. Ba na jayayya da shi a kan cewa jiki yana yin sitiroyid, ko a kan cewa magungunan nan ni'ima ce babba daga cikin ni'imomin da Allah ya buɗe wa likitocin wannan zamani. Inda muka rabu shi ne hukuncin da ya gina a kan waɗannan gaskiya biyu.

Duk wanda ya taɓa zama gaban malami ya ɗauki karatun usulul fiƙihi zai gane cewa hujjar farko ƙiyasi ce, kuma zai tuna cewa ƙiyasi yana tsayuwa ne a kan rukunai huɗu, asali da reshe da hukunci da illa, watau sababin da ya sa hukuncin ya tabbata, ta yadda idan sababin nan bai samu a cikin reshe ba, to ƙiyasin ya rushe, ko da abubuwan biyu sun yi kama kamar an tsaga kara. Asali a nan shi ne kotizol, homon ɗin da jiki yake yi. Reshe shi ne dekzametazon na kemis. Hukunci kuwa shi ne aminci daga cutarwa. Malam ya ɗauka abin da ya sa kotizol ya zama amintacce shi ne kasancewarsa ɗan gida. Ni kuwa ina cewa sababin amincinsa shi ne awo, watau mizanin da Mahalicci ya ɗora shi a kai, da masu tsaron da ya sanya masa a ƙoda da hanta da mabiyiya. Kuma zan nuna cewa duk sa'ad da mizanin nan ya karkace, ɗan gidan da kansa yakan yi kisa, sa'an nan in nuna cewa shi dekzametazon da gangan aka ƙera shi domin ya kuɓuce wa mizanin.

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka wadda nauyinta bai fi giram 5 ba, likitoci suna kiranta adirinal, kuma a cikinta ne ake ɗauko kolestarol, maiƙon nan da ke yawo a jini, a bi da shi ta hannun wasu sinadarai masu sarrafawa da ake kira enzayim, kowanne ya yi masa gyara guda ya miƙa wa na gaba, har a fitar da kotizol mai kula da sukarin jini da kwantar da kumburi, da aldositeron mai riƙe gishiri, da wani kaso na homon ɗin maza. Abin da baligi mai lafiya yake yi na kotizol a yini tsakanin miligiram 10 ne zuwa 20, kuma ba a zuba shi gaba ɗaya, sai dai ya fara hawa kafin asuba, ya kai ƙololuwa da sassafe, ya yi ta sauka har ya kai mafi ƙarancinsa wajen tsakar dare. Umarnin yin sa daga wata 'yar halitta yake fitowa da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, mai suna fituwitari, wadda da zarar ta ji ya isa sai ta janye umarninta; kuma ko wanda ya shiga jinin ma, kusan kashi 90 cikin 100 nasa a ɗaure yake da wasu furotin masu dako, ba ya taɓa komai sai an sake shi. Wannan shi ne awo na farko, na adadi da na lokaci.

Awo na biyu ya fi ban mamaki, kuma shi ne ya fi rusa maganar Malam. A cikin ƙoda akwai mazaunin da aka yi domin aldositeron, wanda idan aka zauna a kansa sai ƙoda ta riƙe gishiri ta zubar da fotashiyam. Amma mazaunin nan ba ya bambance aldositeron da kotizol, alhali kuwa kotizol ya ninka aldositeron yawa a jini sau ɗari ko fiye, wanda da an bar al'amarin haka, da kowa ya kwana da hawan jini. A 1988 ne Christopher Edwards a Edinburgh da John Funder a Melbourne, kowanne da abokan aikinsa, suka bayyana sirrin: akwai wani enzayim a bakin mazaunin, mai suna 11-beta HSD na biyu, wanda ke mai da kotizol ya koma kotizon marar ƙarfi kafin ya isa. Misalinsa kamar sarkin ƙofa ne a birni mai ganuwa, wanda ke karɓe makamin kowane ɗan gari kafin ya bar shi ya shige. Yaran da aka haifa babu wannan enzayim suna kamuwa da mugun hawan jini tun suna ƙanana. Haka kuma saiwar nan mai zaƙi da Larabawa suke kira irƙis-sus, wadda ake jiƙa ruwanta a sha a Masar lokacin azumi, tana ɗauke da sinadarin da ke sumar da enzayim ɗin idan an yawaita ta. A 2020 likitoci a Boston suka ba da labarin wani magini ɗan shekara 54 wanda ya yi makonni yana cin alewarta kullum, fotashiyam ɗinsa ya faɗi, zuciyarsa ta tsaya, ya rasu. Bai sha dekzametazon ba, bai shafa wani mai ba. Kotizol ɗin jikinsa ne, ɗan gidan da Malam yake wa shaidar aminci, ya shiga inda aka hana shi.

Ga misali na biyu, wanda malamanmu na fiƙihu suka san zahirinsa tun ƙarnoni kafin likitoci su san sababinsa, har Shehu Halilu ya rufe Muhtasar ɗinsa da hukuncin gadon hunsa, watau mata-maza. Ɗaya daga cikin manyan sabubban haihuwar mata-maza shi ne rashin enzayim guda a cikin jerin masu yin kotizol, wanda ake kira 21-haidiroksiles, abin da ke samun kimanin jariri ɗaya cikin 15,000. Idan hanyar kotizol ta toshe, sai fituwitari ta yi ta aiko umarni, kayan aikin su taru su karkata zuwa hanyar homon ɗin maza, a haifi 'ya mace da al'aura mai rikitarwa. Ɗa namiji kuwa a haife shi ba a ga komai a jikinsa ba, sai a mako na biyu ko na uku ya fara amai, gishirin jikinsa ya tsiyaye, ya bushe, ya mutu idan ba a gane ba. Maganinsa shi ne a ba shi kotizol da awo muddin rayuwarsa. To, idan motsin enzayim guda ya isa ya canza siffar jariri ko ya ɗauke ransa, da sinadaran da duk 'yan gida ne, ina hujjar cewa ɗan gida ba ya cutarwa?

Mu dawo ga reshe. Dekzametazon ba shi ne kotizol ba. A 1957 masana haɗa magunguna suka ƙera shi a Amurka, suka ɗauki siffar kotizol suka dasa mata ƙwayar fulorin da wasu gyare-gyare, da nufin ya fi ƙarfi kuma ya fi daɗewa. Sun cim ma nufinsu, domin miligiram 0.75 nasa daidai yake da miligiram 20 na kotizol, watau ya ninka shi ƙarfi fiye da sau 25. Aikin kotizol yakan ƙare cikin sa'a 8 zuwa 12, nasa kuwa yakan wuce sa'a 36. Furotin ɗin da aka keɓe domin ɗaure kotizol a jini ba ya ɗaure shi. Sarkin ƙofar nan kuma ba ya iya karɓe makaminsa sai kaɗan. Lissafin a fili yake: 'yar farar ƙwayar nan ta miligiram 0.5, wadda mai kemis yake ƙirgawa da bayan cokali ya zuba a ƙullin leda tare da ƙwayar buɗe ciki, guda ɗaya tak ta kusa abin da jikin mace yake yi a yini. Wadda ta sha huɗu da dare ta ɗora wa jikinta ninki uku ko fiye, a daidai lokacin da Allah ya tsara homon ɗin ya kwanta, kuma kafin na jiya ya ƙare ta ƙara na yau. Babu awon adadi, babu na lokaci, babu mai tsaro. Sababin aminci ya ɓace daga reshe, ƙiyasin kuwa ya faɗi.

Abin da Malam yake kira ƙiba kuma yana da suna a littattafan likitanci tun 1932, lokacin da Harvey Cushing ya siffanta cutar da ke samun wanda kotizol ya yi wa yawa a jiki. Duk mai idon lura ya ga irin wannan jiki a gidan biki ko a layin asibiti: fuska ta cika ta yi zagaye, kumatu sun ɓoye kunnuwa idan an dube ta ta gaba, wani tudun kitse ya tsiro a doron wuya, ciki ya turo, amma damatsa da cinyoyi sun sirance, domin maganin yana cinye tsoka ya tara kitse a tsakiyar jiki, a kan ciki da hammata kuwa ga nankarwa mai faɗin yatsa, mai duhu, ba irin ta haihuwa ba, in ta tsuguna ba ta iya miƙewa sai ta dafa ƙasa. Wannan shi ne zahiri. A baɗini kuwa sukarin jini yana hawa har ya zama ciwon sukari, jini yana hawa, ƙashi yana zaizayewa har ya karye da ƙaramin faɗuwa, kan ƙashin cinya yakan mutu ya bar yarinya da gurgunta, yanar ido takan rufe gani, al'ada takan rikice, barci ya ƙaurace, wasu hankalinsu ya taɓu; garkuwar jiki kuma ta yi rauni har tarin fuka da ya daɗe a kwance ya farka. Mace ba ta ƙaru da lafiya ba ko da ƙwayar zarra. Ta sayi cuta ce da kuɗinta, cutar kuwa a makonninta na farko tana kama da murjewa.

Mayukan haske ma a wannan babi suke, domin da yawa daga cikinsu kulobetazol ne ko betametazon, waɗanda aka yi domin cututtukan fata masu tsanani, kuma takardar da ke cikin kwalin kulobetazol ta iyakance shi ga mako 2 a jere da giram 50 a mako, ta kuma yi gargaɗin cewa giram 2 a yini ya isa ya danne adirinal, tun da fata tana tsotse shi ya shiga jini. Sai ga shi ana matse kwalaye da dama a cikin babbar robar mai, a juya da tsinke, a shafe jiki tun daga goshi har tafin ƙafa safe da yamma, shekara da shekaru, wasu ma har jariransu suke shafa wa a matse-matsi, inda fata ta fi laushi kuma ƙunzugu ya rufe ta ya ƙara tsotsa. Hasken da ake gani daga tsukewar jijiyoyin jini yake da danne masu yin launin fata. Bayansa kuma sai fatar ta yi siriri har a riƙa hango ƙananan jijiyoyi ja a kumatu, ƙuraje su feso, makero ya bazu ya ƙi jin magani, rauni kaɗan ya ƙi warkewa, ranar da aka zo tiyatar haihuwa kuma zare ya riƙa yaga fatar da ake ɗinkewa. Ba banza ba ne hukumar NAFDAC ta ayyana al'amarin nan a 2023 a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Nijeriya.

Amma hujja ta biyu, cewa likitoci ma suna ba da shi, gaskiya ce wadda idan aka bi ta har ƙarshe a kan Malam take faɗawa. A watan Satumba na 1948 Philip Hench ya fara yi wa wata mata 'yar shekara 29 allurar kotizon a asibitin Mayo da ke Amurka, wadda ciwon gaɓɓai ya kwantar, cikin 'yan kwanaki ta tashi tana tafiya, abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1950 tare da Edward Kendall da Tadeus Reichstein. Kuma daga baya aka gane cewa kotizon ɗin da aka ba ta bai yi aiki ba sai da wani enzayim na hanta, ɗan'uwan wancan na ƙoda, ya mai da shi kotizol. Duniya ta ruɗe da neman kotizon, har masana suka taso daga Turai da Amurka suka shigo Afirka ta Yamma suna tara 'ya'yan kwankwani, tsiron da maharbanmu suke dafa dafin kibiya da shi, domin a cikinsa akwai sinadarin da suke fatan juyawa ya zama kotizon, kafin doyar daji ta Meziko ta zama mafi sauƙi. Amma shi Hench da kansa bai daɗe ba ya ga fuskokin majiyyatansa suna kumbura, halayensu suna canzawa, kuma tun daga ranar nan ilimin sitiroyid ya zama ilimin sanin mafi ƙarancin adadi da mafi gajartar lokaci.

Labarin korona ma haka yake. Gwajin da Peter Horby da Martin Landray na Jami'ar Oxford suka jagoranta, wanda aka sanar da sakamakonsa a watan Yuni na 2020, ya ba majiyyata 2,104 miligiram 6 a yini na tsawon kwana 10 ko ƙasa da haka, aka kwatanta su da wasu 4,321. Mutuwa ta ragu da sulusi ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, ta ragu da humusi ga masu shaƙar iskar oksijin, amma ga waɗanda ciwonsu bai kai haka ba babu wata fa'ida da aka gani. Da aka yi watsi da wannan iyaka a Indiya a 2021, aka riƙa ba da sitiroyid barkatai ga masu ciwon sukari da waɗanda ba su bukatarsa, sai wani naman gwari mai cin hanci da ido ya ɓarke ya kama mutum fiye da 40,000, wasu aka ƙwaƙule musu ido ko aka yanke musu muƙamuƙi domin a ceci ransu.

Maganar masu juna biyu kuwa ita ce hujja mafi ƙarfi a kan cewa dekzametazon baƙo ne. Mabiyiya cike take da enzayim ɗin nan na ƙoda, aikinsa ya kare ɗan tayi daga kotizol ɗin uwarsa, shi ya sa idan uwa ce take bukatar magani likita yakan zaɓi firednizolon, wanda mabiyiya take kashe mafi yawan ƙarfinsa. Idan kuwa ɗan ake nufi, domin ana tsoron a haifi bakwaini huhunsa bai nuna ba, sai a zaɓi dekzametazon ko betametazon, saboda su ne masu ƙetare shingen. Graham Liggins ne ya gano haka a jikin tumaki a New Zealand, shi da Ross Howie suka tabbatar da shi ga mata a 1972. A 2020 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gwajin da ta yi a asibitoci 29 na ƙasashe biyar, har da Nijeriya, inda allura huɗu kacal, miligiram 6 kowace sa'a 12, ga matan da ke tsakanin mako 26 da 34, suka rage mutuwar jarirai daga kashi 23.5 zuwa 19.6 cikin 100. To, wannan ƙetare shinge da ya zama rahama cikin kwana biyu a hannun likita, shi ne ke faruwa kullum a cikin amaryar da ta ɗauki ciki tana shan sha-ka-fashe, ɗanta yana sha tare da ita wata da watanni, alhali an san maimaita maganin yana tauye girman ɗan tayi.

Akwai kuma abin da mai sayarwa a shago ba shi da hanyar sani, shi ne halin hantar mai saye. Enzayim ɗin da ke narkar da dekzametazon da mafi yawan danginsa a hanta, mai suna CYP3A4, ba a mataki ɗaya yake ga kowa ba, domin wasu magunguna suna zaburar da shi wasu suna daƙile shi. Rifamfisin, ginshiƙin maganin tarin fuka, yana zaburar da shi har likita kan ninka adadin firednizolon, kuma ta wannan hanya ce yake karya ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa. Ritonabir kuwa, wanda ke cikin wasu haɗe-haɗen maganin ƙanjamau, yana daƙile shi har a ga cutar Cushing ta bayyana ga wanda bai yi komai ba illa shaƙa wani maganin asma ko karɓar allura guda a gwiwa. Ƙwaya ɗaya ce, amma hukuncinta ya bambanta daga jiki zuwa jiki, kuma wannan shi ne abin da likita yake tambaya kafin ya rubuta.

Saura hujja ta uku, wadda ita ce ta hana ni barci, domin sauran biyun suna jawo mace ta fara sha, ita kuwa wannan tana iya kashe wadda ta riga ta fara. Mun ce fituwitari tana janye umarni idan ta ji homon ya isa. To, idan aka yi kamar mako uku ko fiye ana cika jini da sitiroyid daga waje, sai umarnin ya ɗauke, adirinal ta daina aiki ta motse, kuma farfaɗowarta takan ɗauki watanni, wani lokaci har shekara. Wadda ta daina sha dare ɗaya sai ta wayi gari babu na waje babu na gida, ta faɗa cikin halin da Thomas Addison ya siffanta a Landan tun 1855: kasala mai tsanani, amai, ciwon ciki, jiri, jini ya faɗi, sukari ya faɗi, a sume. Mafi hatsari shi ne ranar da jiki ya shiga tsanani, kamar zazzaɓin cizon sauro ko naƙuda ko tiyata, lokacin da lafiyayyen jiki yake ninka kotizol ɗinsa domin ya jure, nata kuwa ba shi da abin ninkawa. Tun a 1952 mujallar likitocin Amurka ta kawo labarin majiyyacin da ya yi watanni yana karɓar kotizon, aka tsayar masa gab da tiyata, jininsa ya faɗi bayan aikin ya rasu. Da yawa daga cikin matanmu, idan suka daina suka ji jiki ya mutu, sai su zaci maganin ne ƙarfinsu, su koma masa, su ƙara adadi. Wanda ya ce babu wanda ya ɗaure su bai san wannan ɗauri ba.

Ban manta ba cewa mace ba ta kai kuɗinta kemis don sha'awar ƙwaya. Tana kaiwa ne saboda gorin dangin miji cewa ba ta cin abinci, da tsoron kishiya, da maganar samarin da ba su kallon baƙa ko siririya, da iyayen da ke son a ga 'yarsu ta cika ɗaki ranar kai amarya. Wannan nauyi a wuyanmu yake mu maza da iyaye, kuma da Malam ya juya alƙalaminsa wajen sauke shi da na zama na farkon masu mara masa baya. Malamanmu sun koyar da mu cewa tunkuɗe ɓarna ana gabatar da shi a kan jawo amfani, kuma larura ana ƙaddara ta ne gwargwadonta. Mai asma da numfashi ya sarƙe, da jaririn da aka haifa babu enzayim, da uwar bakwaini, su ne ma'abota larura, likita kuma shi ke auna musu gwargwado. Neman cikar kumatu ko hasken fuska bai shiga wannan babi ba, jiki kuwa amana ce da za a tambayi mai ita.

Saboda haka ina roƙon Malam, da girman Allah da girman alƙalamin da ke hannunsa, ya sake fitowa a inda ya yi maganar farko ya janye ta, musamman cewar da ya yi a daina duk sa'ad da aka ga dama, domin komawa ga gaskiya ba ya rage darajar malami. Ku masu kemis, ku ji tsoron Allah ku daina ƙulla dekzametazon ga wanda bai zo da takardar likita ba. Ke kuma 'yar'uwa, in ba ki fara ba kada ki fara. In kuwa kin wuce mako uku kina sha, ko kin daɗe kina shafa, kada ki tsayar dare ɗaya, ki ɗauki ƙwayar ko kwalin man ki tafi asibiti, ki faɗa wa likita gaskiyar adadi da tsawon lokaci ba tare da jin kunya ba, a auna jininki da sukarinki, a rage miki shi sannu a hankali har jikinki ya karɓi aikinsa. Kuma duk ranar da za a karɓi haihuwarki ko a yi miki tiyata, ki sanar da su tun kafin a fara. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya shirye mu baki ɗaya.